Tunkiya, Taba da Ɗan Tayi: Tarihin Binciken da Ya Biyo Ni Har Dutsen Abba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu. Yau za mu ɗan yi nisa, mu je Timbuktu, mu leƙa Ingila da Amurka, amma daga gida za mu tashi, kuma gida za mu dawo.

Ina da goggo a Dutsen Abba, nan kudu da birnin Zariya, ta hanyar Kaduna. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in. Tun ina yaro na san ta da wani ɗan gwangwani da take ƙullewa a bakin zane. Garin taba ne a ciki, an daka shi da kanwa. In ta gama aikin safe sai ta ɗebi kaɗan ta cusa tsakanin leɓe da dasashi, ta yi shiru na ɗan lokaci. In wani ya yi mata magana, amsarta ɗaya ce: “Ai ni ba hayaƙi nake sha ba.”

Watan jiya na kai mata ziyara, na tarar da jikarta, yarinya mai cikin fari na wata shida, tana fama da ciwon haƙori. Ina zaune Goggo ta kwance bakin zane ta ce, “Zo ki dasa wannan a wurin, yanzu zai lafa.” Na ce, “Goggo, don Allah a dakata.” Ta dube ni ta ce, “To, mai sunan Malam, yau kuma da wace ka zo?” Abin da na so in faɗa mata a ranar, bakina bai iya jera shi ba, shi na je na tattaro, shi ne kuma shirinmu na yau.

Mu fara da ita tabar.

Taba ba 'yar ƙasar nan ba ce. Asalinta nahiyar Amurka, Turawan Fotugal da na Sifen ne suka watsa ta duniya bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta iso Afirka ta Yamma, kuma ta kama mutane da sauri har malamai suka shiga muhawara a kanta. Shehin malamin nan na Timbuktu, Ahmad Baba, ya yi rubutu kan hukuncinta a 1607, inda ya tafi a kan ba haramun ba ce, wasu malaman zamaninsa kuwa suka saɓa masa. Kun ga ke nan gardamar taba ta girmi kakannin kakanninmu.

A ƙasar Hausa fa? Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, kuma ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ya ce maza da mata suna rina haƙora da leɓe da furen taba. Ya ce ana tauna garin taba da aka haɗa da kanwa, kuma a ƙasar Hausa mata ma suna yi, saɓanin Barno inda ba a yarje musu ba. Jama'a, shekara 200 ke nan. Wato gwangwanin Goggo ba ita ta ƙirƙiro shi ba, gadonsa ta yi. Fure na kwalliyar amare ne, lofe na dattawa, garin taba kuwa ana ɗaukarsa rabin nishaɗi rabin magani: ciwon haƙori, tashin zuciya, yawan miyau, gajiya.

Sai zamanin sigari ya zo, kuma a nan Zariya ta shiga tarihin da ƙafar dama. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, wato NTC. Aka buɗe masana'anta ta biyu a Fatakwal a 1956, ta uku kuma a Zariya a 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai. Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau a shekarun 1960 zuwa 1980 ya san abin da NTC take nufi: albashi ga ma'aikata a Sabon Gari da Tudun Wada, kuɗin rani ga manoman ƙauye. Malaman gona na kamfani su ba da iri da taki, manomi ya yi dashe a fadama, ya tsinki ganye, a soke shi a igiya a rataye a rumfa ya bushe, ranar awo a kai a sikeli. Kuɗin taba ya yi wa mutane aure, ya sayi keke da rediyo, ya rufa ɗaki da kwano. Kakana ma ya taɓa nomanta, kuma matan gidan, har da masu ciki, su ne masu soke ganye. Babu wanda ya ga abin tsoro a ciki, ai ganye ne.

To mene ne a cikin ganyen?

Sunan nikotin ya samo asali ne daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, wanda ya aika taba gida wajen 1560 yana yabonta a matsayin magani. Sai a 1828 wasu matasa biyu a jami'ar Heidelberg ta Jamus, Posselt da Reimann, suka tace sinadarin daga ganye shi kaɗai, suka kuma nuna cewa guba ne. Ita shukar don kare kanta daga ƙwari take yin sa. Shi ya sa manoma a ƙasashe da yawa suka daɗe suna jiƙa taba su yi feshi, shi ya sa kuma makiyayanmu suke shafa ruwan taba don kashe kaska da ƙwarƙwata a jikin dabba.

A 1889 wani masani a Cambridge, John Langley, ya riƙa shafa nikotin a kan ƙullin jijiyoyin dabbobi yana kallon abin da zai faru. Daga irin wannan aiki aka gane cewa nikotin yana kwaikwayon wani saƙo da jijiyoyin jiki suke aika wa juna. Cikin wuraren da yake taɓawa akwai wasu 'yan tsokoki biyu da suke zaune a saman ƙoda, masu fitar da sinadarin adirenalin. Adirenalin kuwa shi ne na firgita. Ka tuna ranar da ka taka maciji, ko mota ta taso maka: zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau, jijiyoyin jini na fata da na ciki su tsuke, a tura jinin zuwa inda za a yi gudu ko kokawa. Duk zuƙar sigari, duk ɗibar garin taba, ƙaramar firgita ce ake yi wa jiki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tambayar mai ciki kuwa ta daɗe ba a yi ta ba. A 1935 masu bincike biyu a jihar Ohio ta Amurka, Sontag da Wallace, suka saurari zuciyar ɗan tayi kafin uwa ta kunna sigari da bayan ta kunna, suka ji bugun ya canza, ya ƙara sauri. Wato abin da uwa ta zuƙa ya isa ciki cikin 'yan mintuna. Duniya ba ta kula sosai ba.

Sikelin ɗakin haihuwa ne ya tayar da maganar. A 1957 wata likita a California, Winea Simpson, ta duba haihuwar mata sama da 7,000, ta ga cewa jarirai 'yan ƙasa da kilo 2.5 sun kusa ninki biyu a wajen masu shan sigari. A 1959, shekarar da aka buɗe masana'antar Zariya, wani likita a Birmingham ta Ingila mai suna Lowe ya samu cewa jariran masu shan sigari sun gaza na sauran da kimanin giram 170. Birtaniya ta bi kusan jarirai 17,000 da aka haifa cikin mako guda a watan Maris na 1958, rahoton da ya fito a 1972 ya sake samun giram 170 ɗin nan, ya kuma ƙara da cewa mutuwar jarirai dab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta ta ɗara da kashi 28 cikin 100 a wajen masu shan sigari.

Za ka ce magana ta ƙare. Ina! Wani gwanin ƙididdiga a jami'ar California da ke Berkeley, Jacob Yerushalmy, ya tsaya a kan cewa watakila laifin ba na sigarin ba ne, na irin matan da suke shan ta ne. Ya ce mai yiwuwa dama can jikinsu da rayuwarsu daban suke, ko da ba su sha ba ƙananan 'ya'ya za su haifa. Hujjar ta yi wa masu sayar da taba daɗi ƙwarai. Kuma gaskiya, da ƙirga kaɗai ba a iya rufe bakin mai wannan magana. Ba kuma za ka tara mata masu ciki ka ce rabi su sha, rabi su bari, don ka ga 'ya'yan wa za su mutu ba. A nan ne tunkiya ta shigo.

Me ya sa tunkiya? Cikinta wata biyar ne, kwana 147 ko kusa da haka. Yawanci ɗa ɗaya ko biyu take ɗauka, ba tuli irin na ɓera ba. Ɗanta in ya kusa fitowa nauyinsa bai yi nisa da na jaririn mutum ba, jijiyoyinsa suna da girman da za a iya aiki a kansu. Ga ta da haƙuri. Sir Joseph Barcroft na Cambridge ya shafe shekarun 1930 yana nazarin 'ya'yan tumaki a ciki, shi ya nuna yadda ɗan tayi yake rayuwa da iskar oksijin kaɗan, kamar mutumin da ke kan ƙololuwar dutse mai tsananin tsawo. Matsalar ita ce a lokacin sai an sa wa tunkiya maganin barci an buɗe ciki, abin da aka auna kuwa na dabbar da ke cikin wahala ne. A 1965 Giacomo Meschia da Donald Barron da abokan aikinsu a jami'ar Yale suka fito da dabara: a yi tiyata sau ɗaya, a sa 'yan siraran bututun roba a jijiyoyin uwa da na ɗa, a ɗinke, a bar ta ta warke. Bayan kwanaki tana tsaye tana cin harawarta, masu bincike suna ɗibar jinin ɗan da ke cikinta suna aunawa. Wannan dabara ita ta buɗe ƙofa.

Kafin in faɗi abin da suka gani, bari in kwatanta muku da abin da duk mai lambu a bakin Galma ya sani. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, ba ya cin abinci da bakinsa. Komai ta mabiyiya yake zuwa. Jinin uwa ya zo ta gefe guda, jinin ɗa ya zo ta igiyar cibiya ta ɗaya gefen, ba sa gauraya, amma iska da abinci suna tsallakawa. Zuciyar uwa ita ce injin ban ruwa, jijiyoyin mahaifa su ne mesa, mabiyiya ita ce lambun. Kafin mace ta ɗauki ciki, jinin da ke zuwa mahaifarta a minti guda bai wuce cokali uku na cin abinci ba. In ciki ya tsufa, yakan kai rabin lita ko fiye, wato ledar fiyawata guda cur, kowane minti, dare da rana. Don a sami haka, jijiyoyin mahaifa suna buɗewa kusan iyakar buɗuwarsu. Ba su da sauran wurin ƙarawa, amma suna da wurin tsukewa, kuma adirenalin yana tsuke su da sauri. In an taka mesa, injin yana ta ƙugi, lambu kuwa yana jiran ruwa.

Da birai aka fara samun alama. A 1971 Suzuki da Adamsons da abokan aikinsu a Amurka suka ba birai masu ciki nikotin ta jijiya, oksijin ɗin jinin 'ya'yan ya ragu. A 1974 suka nuna cewa nikotin yana ƙetare mabiyiya cikin sauri. A 1980 kuma Suzuki ya auna jinin da ke shiga mahaifar biri kai tsaye, ya ga yana raguwa in an ba da nikotin.

Amma gwaje-gwajen da suka fi burge ni biyu ne, duka a kan tumaki. Na farko a Oxford aka yi shi, Frank Manning da abokansa suka wallafa a 1978. Dama a can an riga an gano cewa ɗan tunkiya yana motsa ƙirji a ciki kamar mai numfashi, yana gwaji kafin ranar fitowa, kuma wannan motsi alamar lafiya ne. Suka yi wa tunkiya allurar nikotin. Cikin minti 5 oksijin ɗin ɗan ya sauka, ya kai har minti 30 bai koma daidai ba, motsin ƙirjin nan kuma ya ragu. Sai suka juya gwajin: suka bar uwar, suka ba ɗan nikotin kaɗan shi kansa. Me ya faru? Motsin ƙirjin ƙaruwa ya yi. Kun ga wayon? Da nikotin ne da kansa yake kwantar da ɗan, ai da an ba shi kai tsaye zai fi kwanciya. Tunda akasin haka aka gani, to abin daga wajen uwa yake zuwa, jininta ne ya daina isa yadda ya kamata. Suka ƙara tabbatarwa: suka fara ba tunkiya wani magani, fentolamin, mai hana adirenalin tsuke jijiya, sannan suka ba ta nikotin. Oksijin ɗin ɗan bai sauka ba.

Na biyu a San Diego ta California, Robert Resnik da abokansa, 1979. Su na'urar auna gudun jini suka ɗaura a jijiyar mahaifar tunkiya. Da aka ɗura nikotin, jinin da ke zuwa mahaifa ya ragu da kashi 44 cikin 100, sinadaran firgita kuma suka hau a jinin uwar. Da aka fara ba da fentolamin, raguwar ba ta faru ba. Jama'a, kusan rabin ruwan lambu ke nan. Kuma ku lura, tunkiyar nan ba ta da talauci, ba ta da damuwar gidan miji, ba ta da wani hali na daban. Hujjar Yerushalmy ba ta da wurin zama a garken tumaki.

Sai dai ilimi ba ya tafiya a miƙe kamar titin Kaduna. Wasu masana suka ce nikotin ɗin da aka ɗura wa tumakin nan ya fi abin da ke jinin mai shan sigari nesa ba kusa ba. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. A 1983 wani gwajin da aka yi da adadi kaɗan bai ga wani canji mai yawa a jinin mahaifa ba. Ko a aikin Oxford ɗin, da aka ɗura nikotin a hankali cikin rabin awa, oksijin ɗin ɗan bai sauka ba. A 1992 Kenneth Clark da Irion a Cincinnati suka gwada mataki-mataki, suka ga cewa abin ya danganta da yawa: in adadin ya kai wani matsayi, jinin uwa ya hau, na mahaifa ya ragu, shi ma ɗan jininsa ya hau, bugun zuciyarsa ya ja baya, jinin da ke bin igiyar cibiya ya ragu. Ga kuma bambancin halitta, mabiyiyar tunkiya ƙulle-ƙulle ce barkatai, duk wanda ya taɓa karɓar haihuwar dabba ya gani, ta mutum kuwa faifai guda ce. Saboda haka ba a ɗauki lissafin tunkiya an liƙa wa mace ba. Abin da tunkiya ta bayar shi ne hanyar da ɓarnar take bi.

Mutane kuma suka cike sauran. A Finland a 1978, Lehtovirta da Forss suka auna mata masu ciki, suka ga karan sigari ɗaya yana rage jinin mabiyiya nan take, ya dawo daidai cikin kimanin minti 15. Kara ɗaya ke nan. Lissafa mai shan goma ko ashirin a yini, wata tara. A Berlin a 1985, Luck da Nau suka samu cewa nikotin ɗin jinin ɗan tayi yana ɗara na uwarsa, kuma yana taruwa a ruwan da ɗan yake kwance a ciki yana haɗiya. Lawrence Longo na Loma Linda kuwa ya yi amfani da tumaki ya nuna ɗaya gefen matsalar: iskar kabon monoksaid ta hayaƙi, wadda take kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sama da sau 200, tana shiga jinin ɗan ta daɗe ba ta fita ba. Wato mai sigari ta taka mesa, sannan ɗan ruwan da ya samu wucewa ma an gurɓata shi.

A nan ne Goggo za ta ce, “Ka ji ko? Hayaƙi ne. Ni na faɗa maka.” To Goggo, rabin gaskiya gare ki. Garin taba ba shi da kabon monoksaid, amma nikotin ɗinsa yana nan cif, kuma tumakin Oxford da San Diego ba hayaƙi aka ba su ba, nikotin zalla ne. Ga wani abu da kakanninmu suka gano da gwaji ba tare da sanin dalili ba: kanwar nan da ake dakawa da taba tana sa nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki ya shiga jini. Shi ya sa mai kanwa ta fi “kamawa”. A Indiya, inda mata da yawa suke goga garin taba a dasashi kamar namu, Prakash Gupta da abokiyar aikinsa sun bi mata masu ciki 1,217 a birnin Mumbai, suka wallafa a 2004 cewa jariran masu amfani da ita sun gaza da giram 105, cikin kuma ya gajarta da kimanin kwana 6. A Suwidin ma, inda ake sa taba a leɓe, an ga ƙaruwar haihuwar bakwaini da haihuwar ɗa babu rai.

Masu kiwo, ku ma akwai naku. A ƙarshen shekarun 1960 a jihar Kentucky, inda ake noman taba sosai, manoma suka riƙa ganin aladu suna haifar 'ya'ya masu karkatattun ƙafafu. Likitan dabbobi Ward Crowe ya bi sawu ya gano cewa iyayen sun ci karan taba da aka zubar lokacin suna da ƙaramin ciki. Daga baya aka fi ɗora laifin a kan anabasin, ɗan uwan nikotin a ganyen, wanda yake hana ɗan tayi motsi har gaɓoɓinsa su sandare a lanƙwashe. Mu da muke da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a bakin ƙofa, ga 'yanƙasa da uda da balami a kowane gida, bai kamata wannan ya zama baƙon labari gare mu ba. Haka su ma matan da suke tsinkar ɗanyen ganye da raɓa a jikinsa: nikotin yana shiga ta fata, ya kawo jiri da amai. Likitoci a Amurka sun bayyana wannan ciwo tun 1970. Sai na tuna matan gidan kakana da suke cewa “warin ganye ne ya bugi kaina”.

Hukuma fa? A 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka yi dokar soja da ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a, ta kuma tilasta rubuta gargaɗi a kwali. A 2000 NTC ta narke cikin British American Tobacco, a 2003 aka buɗe sabuwar babbar masana'anta a Ibadan. Najeriya ta amince da yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, a 2015 kuma aka sa hannu kan dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da sigari kara-kara. Ku leƙa teburin mai shayi na unguwarku ku gaya mini ko dokar ta iso. Gwangwanin Goggo kuwa ba shi da kwali balle gargaɗi. Ga shisha ta shigo wa 'yan mata, ga sigarin lantarki, duk nikotin ɗin nan ne ya sake riga.

Kada in tsaya ina nuna wasu da yatsa. Ni kaina na sha sigari shekara 11. Lokacin da maiɗakina take da cikin ɗanmu na fari, ɗaki ɗaya muke, in dare ya yi in buɗe taga in kunna, ina ganin na yi adalci. Ranar da na raka ta awo, wata ma'aikaciyar jinya ta matso kusa da ni, ta ɗan shaƙi iska, ta ce, “Malam, ku nawa ne kuke shan tabar nan a gidanku?” Na ce ni kaɗai. Ta ce, “A'a, ku uku ne.” Ban daina a ranar ba, kada in yi muku ƙarya, sai da na yi wata huɗu ina faɗuwa ina tashi. Nikotin ba ya sakin mutum da lallashi. Saboda haka mai cikin da ta saba da taba, ta hayaƙi ko ta baki, ba abin zagi ba ce. Ta faɗa wa ma'aikatan awo gaskiya, akwai hanyoyin taimako, kuma duk ranar da aka daina, daga ranar mesa take buɗewa. Ciwon haƙori kuma a kai shi asibiti, ana duba haƙorin mai ciki.

Goggo ta haihu tara, biyar suka rayu. Ba zan ɗora wa gwangwaninta alhakin huɗun ba, a zamanin da zazzaɓi da ƙyanda da doguwar naƙuda suke ɗauke yara a kowane gida. Ban ma ɗauko mata wannan zancen ba. Da na koma makon jiya, labarin tumakin kawai na ba ta, muna zaune a tsakar gida, tunkiyarta mai ciki tana ɗaure a turke. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Wannan ai ba sai Bature ya faɗa ba. Tun zamanin Malam, in an kwashe taba daga rumfa, sharewa muke yi tas, ba a barin dabba mai ciki ta kusanci wurin.”

Na ce, “To Goggo, ita tunkiya an kare ta. Jikar taki fa?”

Ta yi shiru. Ta dubi tunkiyar, ta dubi ƙofar ɗakin da yarinyar take kwance. Can ta ce, “Kai dai ka cika magana, mai sunan Malam.” Ba ta jefar da gwangwanin ba, yana nan a bakin zanenta, kuma a shekarunta ba ni zan raba su ba. Amma da zan tafi ta kira ƙanen mijin yarinyar ta ce gobe da sassafe ya ɗauke ta a babur ya kai ta asibiti a duba haƙorin.

A nan za mu dasa aya. Wanda yake da irin wannan gwangwani a gidansu, ko ya taɓa aiki a gonar taba ko a masana'antar Zariya, ya rubuto mana abin da ya gani, muna son ji daga bakin waɗanda suka yi zamanin. A tura wa mai ciki, a tura wa mijinta tun ma ba shi ba. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da za a haifa. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, na bar ku lafiya.